Tarihin Zubin Sunayen Fayil da Wahalar Ƙaurarsa Tsakanin Manyan Manhajoji

Zubin sunan fayil gajeren rubutu ne da ke wakiltar sunaye da yawa a lokaci guda, ta yadda mai aiki da kwamfuta zai rubuta `*.txt` ya nufi duk fayilolin da sunansu ya ƙare da waɗannan haruffa, ba sai ya jero su ɗaya bayan ɗaya ba. Alamomin da ake gina shi da su kaɗan ne: tauraro yana tsayawa a madadin kowane jerin haruffa, ko da babu ko ɗaya, alamar tambaya tana tsayawa a madadin harafi guda, baka biyu mai kusurwa kuma tana ƙunsar rukunin haruffa waɗanda ake neman ɗaya daga cikinsu. Rubutun manhajar da ke gwada suna da zubi bai cika wuce shafi ɗaya ko biyu ba, amma masu gina taskokin manhaja, wato tarin ayyukan da ake rubutawa sau ɗaya domin sauran manhajoji su riƙa arowa, sun shafe shekaru da dama suna fama da shi. Dalili kuwa shi ne kowace babbar manhaja, wato manhajar da ke riƙe da ragamar kwamfuta kamar Unix ko MS-DOS ko Windows, tana da nata ra'ayi a kan abin da ake kira suna, da wanda ya kamata ya faɗaɗa zubin, da tsarin da sakamako zai fito a kai.

Zubin da ya fi yaɗuwa a yau ya samo asali ne daga Unix, wadda aka gina a ɗakunan bincike na Bell da ke jihar New Jersey ta Amurka. A fitowarta ta farko a shekarar 1971, tafintan umarni, wato manhajar da ke karanta abin da mutum ya buga ta aiwatar da shi, bai iya faɗaɗa zubi da kansa ba. Idan ya ga tauraro ko alamar tambaya a cikin umarni, sai ya miƙa dukkan layin ga wata ƙaramar manhaja mai suna `glob`, wadda Dennis Ritchie ya rubuta, ita kuma ta karanta foldar, ta tsamo sunayen da suka dace, ta jera su bisa tsarin haruffa, sannan ta tayar da manhajar da ake nufi ta ba ta jerin sunayen. Tafintan da Stephen Bourne ya rubuta, wanda ya fito tare da Unix ta bakwai a 1979, ya haɗiye wannan aiki cikinsa. Abin da ya biyo baya shi ne manhajojin Unix ba su cika ganin tauraro ba, domin kafin umarni ya iso gare su an riga an mayar da shi sunaye, kuma saboda haka marubutansu suka saba da rashin damuwa da zubi kwata-kwata.

Wasu ɗabi'u biyu na wancan zamani sun zama gado mai nauyi. Ta farko ita ce ɓoye sunayen da suka fara da ɗigo, waɗanda tauraro ba ya kama su sai mai zubin ya rubuta ɗigon da hannunsa. Ta biyu ita ce yadda ake cewa "duk harafi ban da waɗannan": a cikin zubin tafinta an yi amfani da alamar motsin rai a farkon baka, kamar `[!abc]`, alhali a cikin sauran kayan binciken rubutu na Unix alamar `^` ce ke wannan aiki, kuma an kauce mata ne domin tafintan Bourne yana ɗaukar ta a matsayin alamar haɗa manhajoji biyu. Har yau akwai taskokin da suka san ɗaya kaɗai, akwai waɗanda suka san biyun.

A ɗaya ɓangaren kuma, ƙananan kwamfutoci sun bi wata hanya dabam. Manhajar CP/M, wadda Gary Kildall ya gina a 1974, tana ajiye sunan fayil a gurabe goma sha ɗaya tsayayyu, takwas na suna da uku na wutsiya, kuma idan sunan bai cika su ba sai a cike ragowar da fili. Ɗigon da mutum ke gani tsakanin suna da wutsiya ba a ajiye shi ko'ina. A cikin wannan tsari tauraro ba shi da ma'anar kansa, domin abin da ake yi kawai shi ne a cike guraben da suka rage a sashensa da alamomin tambaya. MS-DOS, wadda ta fito a 1981, ta gaji wannan hali ɗungurungum, kuma sakamakonsa yana ba wa wanda ya saba da Unix mamaki. Zubin `A*B.TXT` daidai yake da `A*.TXT`, tunda tauraron ya riga ya cinye dukkan guraben kafin a iso ga harafin B. Alamar tambaya tana iya dacewa da filin da aka cike gurbi da shi, don haka `A?.TXT` yana kama `A.TXT`. Zubin `*.*` kuwa yana nufin duk fayiloli, har da marasa wutsiya, alhali a Unix yana nufin sunayen da ke ɗauke da ɗigo kaɗai.

Bambanci mafi girma shi ne tafintan DOS ba ya faɗaɗa komai. Yana miƙa wa manhaja zubin yadda aka buga shi, ita kuma ta roƙi babbar manhaja ta ba ta suna na farko da ya dace, sannan na gaba, har su ƙare. Wannan tsari yana da amfaninsa, domin shi ya sa umarni irin `ren *.txt *.bak` yake canza wutsiyar fayiloli da yawa a tashi ɗaya, abin da ba ya yiwuwa haka kai tsaye a Unix. Sai dai duk manhajar Unix da aka ɗauko aka kawo DOS takan tarar da tauraro a hannunta, ta nemi fayil mai wannan suna ta rasa. Microsoft ta tanadi wani guntu mai suna `setargv.obj` wanda ake haɗawa da manhajar da aka rubuta da harshen C domin ya faɗaɗa zubi kafin ta fara aiki, kuma DJGPP, wato kayan harhaɗa manhaja na GNU da DJ Delorie ya kawo DOS, ya yi irin wannan tanadi da zubi mai kama da na Unix.

Da Windows 95 ta kawo dogayen sunaye, sai kowane dogon suna ya samu gajeren abokin tafiya na tsohon tsari, kuma aikin neman fayil na Windows yana gwada zubi da duka biyun. Saboda haka `*.htm` yana iya kama fayil mai wutsiyar `.html`, domin gajeren sunansa ya ƙare da haruffa uku na farko, lamarin da ba ƙaramin haɗari ba ne ga mai share fayiloli. Domin riƙe tsofaffin ɗabi'un DOS, Windows takan sauya tauraro da alamar tambaya da ɗigo zuwa wasu alamomi uku na cikin gida kafin ta yi gwajin. Ba ta kuma san rukunin haruffa na baka mai kusurwa ba sam. Darasin da masu taska suka ɗauka tun da wuri shi ne kada a miƙa wa Windows zubin mai aiki, a roƙe ta dukkan sunayen da ke cikin folda, a yi gwajin a gida.

Sauran manyan manhajoji ma kowace da tafiyarta. VMS ta kamfanin DEC tana amfani da alamar kashi cikin ɗari a madadin harafi guda, tana rubuta sunan folda a cikin baka mai kusurwa, tana kuma liƙa wa kowane fayil lambar bugu bayan waƙafi mai ruwa, tsohuwar manhajar Macintosh kuma da ruwa biyu take raba sunayen foldoji.

Ko a tsakanin 'ya'yan Unix kansu, karanta folda ya daɗe ba shi da hanya ɗaya. A Unix ta bakwai folda fayil ce kamar kowane fayil, ana buɗe ta a karanta shigarwa masu bayit goma sha shida, biyu na lambar fayil, goma sha huɗu na suna. Bayit kuwa shi ne ma'aunin ajiya da ke ɗaukar harafin Ingilishi guda. Fitowar 4.2BSD daga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1983 ta ba da damar sunaye masu haruffa har 255, ta kuma kawo ayyukan `opendir` da `readdir` domin a daina karanta folda da hannu, amma kamfanonin da suka kwaikwaye ta kowanne ya ajiye bayanin ayyukan a fayil mai suna dabam. Shi ya sa tsofaffin taskoki ke buɗewa da tambayoyi a jere, ko `dirent.h` ne ke nan, ko `sys/ndir.h`, ko `sys/dir.h`, ko `ndir.h`, da kuma ko shigarwar tana faɗin tsawon suna ko sai an ƙirga.

Yunƙurin farko na fitar da gwajin zubi daga cikin tafinta ya zo ne daga ɗaiɗaikun mutane. A 1986 Rich Salz ya rubuta `wildmat`, ɗan ƙaramin aiki da bai dogara da wata babbar manhaja ba, wanda ya shiga manhajojin rarraba saƙonnin Usenet har aka rubuta zubinsa a cikin ƙa'idar NNTP. A Berkeley kuma ayyukan `glob` da `fnmatch` na BSD sun samo asali daga rubutun da Guido van Rossum, wanda daga baya ya ƙirƙiro harshen Python, ya ba da gudummawa. Sashe na biyu na ƙa'idar POSIX, wanda cibiyar IEEE ta fitar a 1992, ya tabbatar da rabon aiki gida biyu: `fnmatch` yana karɓar zubi da suna ya amsa ko sun dace, ba tare da ya leƙa faifan ajiya ba, shi kuma `glob` yana yawo cikin foldoji ya dawo da jerin sunaye. An ba `fnmatch` zaɓi uku, ɗaya na hana tauraro tsallake sanda jirge, `/`, mai raba foldoji, ɗaya na kiyaye ɗigon farko, ɗaya na kashe aikin kariya na sanda mai jirgewa baya, `\`. Wannan rabo shi ne abu mafi amfani da ƙa'idar ta yi, domin ya ware sashen da lissafi ne tsantsa daga sashen da dole ya yi hulɗa da babbar manhaja.

Sai dai rubuta ƙa'ida ba ya gyara injinan da ke hannun mutane. Wasu kamfanoni ba su da `fnmatch` ko kaɗan, wasu nasu yana da kurakurai, Windows kuma ba ta kawo shi a taskarta ta C ba. Hanyar da aikin GNU ya bi ita ce gwaji kafin gini: Autoconf, wanda David MacKenzie ya fara a 1991, yakan harhaɗa ƙaramar manhaja ya ba `fnmatch` na injin wasu zubi da aka san amsarsu, idan ya faɗi sai a maye gurbinsa da wanda aka zo da shi. Daga baya aka tattara irin waɗannan madadai a taskar Gnulib. Wanda ya karanta tsohon `glob.c` da ke tafiya tare da GNU make zai ga yadda farashin wannan hanya yake, domin rubutun cike yake da rassa na sharaɗi, wannan na VMS, wancan na Amiga, wani na DOS da Windows inda dole a gane cewa `d:` sunan faifai ne. Dabara mafi tsabta a cikinsa ita ce zaɓin `GLOB_ALTDIRFUNC`, wanda ke barin mai kira ya kawo nasa ayyukan buɗe folda da karanta ta. Harshen Perl ya nuna yadda tsohuwar hanyar ta daɗe, domin har zuwa fitowarsa ta 5.6 a shekarar 2000 yakan tayar da tafintan csh domin ya faɗaɗa masa zubi, a Windows kuma da wata ƙaramar manhaja ta daban, kafin ya ɗauki rubutun BSD ya sa a cikinsa.

Rikicin da har yau ba a sasanta ba shi ne na sanda mai jirgewa baya. A Unix suna yana iya ƙunsar kowane bayit ban da sanda jirge da bayit na sifiri, don haka fayil zai iya ɗaukar tauraro a cikin sunansa, kuma ana buƙatar hanyar cewa "tauraron kansa ake nufi", wadda ita ce sanya sandar baya a gabansa. DOS ta biyu, da ta kawo foldoji a 1983, ta zaɓi wannan sanda ɗin ta zama mai raba foldoji, domin an riga an ba sanda jirge aikin gabatar da zaɓin umarni. Windows ta haramta tauraro da alamar tambaya a cikin sunaye, saboda haka ba ta ga buƙatar alamar kariya ba, amma ta halatta baka mai kusurwa, wadda a zubin Unix alama ce mai ma'ana. Taskoki sun rabu a kan mafita. Harshen Go yana kashe aikin kariya gaba ɗaya a kan Windows ya bar sandar ta zama mai raba foldoji. Taskar `glob` ta Node.js, daga fitowarta ta takwas, ta tsaya a kan akasin haka, wato sandar baya kariya ce a ko'ina kuma da sanda jirge kaɗai ake raba foldoji a cikin zubi. Python ya kauce wa gardamar ta hanyar ƙin sanin alamar kariya kwata-kwata, ya ce wanda ke son tauraro na gaske ya sa shi cikin baka, kamar `[*]`, kuma wannan ita ce mafitar da ta fi jure ƙaura ko da ba ta da kyan gani. A Japan abin ya ƙara dagulewa, domin a tsarin rubutu na Shift-JIS bayit na biyu na wasu haruffa daidai yake da lambar sandar baya, ta yadda mai gwaji bayit-bayit zai tsaga harafi biyu.

Batun manya da ƙananan haruffa ya fi kama da mai sauƙi, amma an daɗe ana ɗora shi a inda ba nan yake ba. Unix tana bambanta `README` da `readme`, Windows da macOS kuwa bisa al'ada suna riƙe yadda aka rubuta suna amma ba su bambanta. Python ya warware wannan ta duban babbar manhaja, yana ƙanƙantar da haruffa a Windows ya bar su a sauran, wanda ke nufin a macOS yana bambanta abin da faifan bai bambanta ba. Gaskiyar lamarin ita ce halin na tsarin ajiyar faifai ne, kuma tun daga 2018 Windows 10 ta ba da damar bambantawa a folda guda, Linux kuma a 2019 ta ba tsarin ext4 damar rashin bambantawa a folda guda. Git, manhajar adana tarihin sauye-sauyen fayiloli, ya fi kusa da daidai, domin yana gwada faifan ne lokacin da ake kafa ma'ajiya ya rubuta abin da ya gani.

Ƙarƙashin wannan akwai tambayar mene ne harafi guda. A tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, haruffan Hausa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, kowanne bayit biyu yake ci, don haka taskar da ke ƙirga bayit ba za ta ga cewa `?asa.txt` ya dace da `ƙasa.txt` ba. Tsohuwar dabarar ƙanƙantar da harafi ta hanyar ƙara 32 a kan lambarsa ma ba ta aiki a nan, domin tazarar Ƙ da ƙ ɗaya ce tak, ta Ɗ da ɗ 205, ta Ɓ da ɓ kuma 210. Tsarin ajiya na HFS+ da Apple ya kawo a 1998 ya ƙara wata sarƙaƙiya, inda yake ajiye wasali mai alamar karin sauti a matsayin guda biyu, wasalin da alamarsa, alhali Linux da Windows suna ajiye abin da aka ba su. Ma'anar `[a-z]` ita ma ta dogara ga saitin harshe na injin, har a wasu saituna takan kama manyan haruffa, kuma POSIX ta janye hannunta ta ce ba ta fayyace ma'anarsa ba a wajen saitinta na asali. Tafintan bash ya kawo zaɓin bin lambobin haruffa kai tsaye, ya kuma mayar da shi tsayayyen hali a fitowarsa ta 5.0 a 2019.

Ganin duk wannan, manyan ayyuka suka daina dogara ga abin da injin ya tanada. Git ya ɗauko `wildmatch` daga rsync, wanda shi ma jikan rubutun Salz ne, ya fito da shi a 2013, ba da jimawa ba kuma ya bar `fnmatch` baki ɗaya, domin fayil ɗin `.gitignore` guda yana yawo tsakanin injina iri-iri kuma dole ya ba da amsa ɗaya a ko'ina. Tagwayen taurari, `**`, masu ratsa foldoji komai zurfinsu, waɗanda tafintan zsh ya yaɗa, bash ya karɓa a 2009, Python kuma a 2015, ba su cikin ƙa'idar 1992, kuma wannan ma ya tura mutane ga rubuta nasu. Tsaro ya ƙara wani dalili. A 2001 an gano cewa baƙo zai iya durƙusar da injinan FTP da zubi mai ninka kansa, BSD ta kawo zaɓin `GLOB_LIMIT` wanda taskar GNU ba ta da shi, a 2017 kuma Russ Cox ya nuna cewa taskoki da tafintoci da dama suna ninka lokacin aikinsu da kowane ƙarin tauraro, alhali komawa ga tauraro na ƙarshe kaɗai ya isa. Abin lura shi ne mai ɗauko nasa rubutu bai zama ɗan ba-ruwanmu ba, zubin Unix ne ya zaɓa ya ɗora wa kowa.

Tsarin da sunaye ke fitowa a kai shi ne abin da aka fi mantawa. POSIX ta ce `glob` ya jera sakamakonsa sai an hana shi, amma `readdir` yana ba da sunaye yadda faifai ya ajiye su, NTFS na Windows da HFS+ a jere bisa haruffa, ext4 da APFS na sabuwar macOS kuwa bisa lissafin cikin gida da ba shi da alaƙa da haruffa. GNU make ya daina jera sakamakon zubi a fitowarsa ta 3.82 a 2010, ya dawo da jerin a 4.3 a 2020, bayan masu neman a riƙa samun manhaja iri ɗaya daga kowane gini sun koka. Aikin `glob` na Python bai taɓa alkawarin jeri ba, kuma bayaninsa ya faɗi haka. A 2019 masu binciken sinadarai a Jami'ar Hawaii suka tarar cewa wasu rubuce-rubucen Python da aka wallafa a mujallar Nature Protocols a 2014, waɗanda ake lissafin gano siffar ƙwayoyin sinadari da su, suna ba da amsa dabam-dabam a kan bayanai iri ɗaya gwargwadon injin da aka yi amfani da shi. Rubuce-rubucen suna ɗauko rukunin fayiloli biyu da `glob` su haɗa na farko da na farko, na biyu da na biyu, abin da ya yi daidai a Windows da tsohuwar macOS, ya kuma karkace a Ubuntu da sabuwar macOS mai tsarin APFS. Masu binciken sun wallafa bayanin a mujallar Organic Letters a 2019, tare da gyararren rubutu wanda ke jera sunayen fayilolin kafin ya haɗa su.